Gero ba ya jiran a tashi daga taron tsaro

Daminar ƙasar Sakkwato gajera ce. Ruwan shuka yakan zauna a watan Yuni, wata shekarar sai an shiga Yuli, ya ɗauke kafin Oktoba ta yi nisa. A wannan ɗan tsakanin ne gero, wanda mu nan muke ce wa hatsi kawai, yake neman kwana 80 zuwa 100 ya nuna. Ranakun aikinsa ƙidayayyu ne. Ana shuka cikin kwana biyu ko uku bayan ruwa mai kyau, a yi noman farko da cira kafin ya cika mako uku, a yi maimai wajen mako na shida, sai a jira girbi. Manomin da aka hana shiga gonarsa mako biyu a watan Yuli, shekara guda aka ƙwace masa, don kafin ya koma ciyawa ta shanye hatsin, ya yi rawaya ya tsumbure, kuma babu takin da zai tashe shi.

Wannan lissafin ne ba na ji a bakin masu yi mana bayanin tsaro. Sanarwa takan fito cewa an hallaka 'yan bindiga kaza, an ƙwato babura kaza, an tarwatsa sansani a daji kaza. Madalla. Amma magidancin da ke Gatawa ko Gandi ko wani ƙauye a bayan Isa tambayarsa ɗaya ce: gobe da safe in na fita gona da yarana, za mu dawo? A ra'ayina ma'auni biyu ne kaɗai ke nuna ko ana samun galaba a wannan yaƙin: yawan gonakin da aka nome har aka girbe, da kaurin damtsen yaran da ba su kai shekara biyar ba. Iyalan karkara sun riga sun sauya kusan duk abin da ke hannunsu. Abin da ya rage na hukuma ne, kuma sai ta koyi kalandar manomi za ta iya shi.

Abin ya daɗe har ya zama rayuwa. A Yulin 2018 aka kashe mutum sama da 30 a Tabanni ta ƙaramar hukumar Rabah, waɗanda suka tsira suka cika Gandi. A Mayun 2020 an kashe sama da 70 a ƙauyukan Sabon Birni. A Oktoban 2021 aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, sama da 40 suka rasu, bayan wata biyu aka ƙone matafiya cikin mota a ƙasar Sabon Birni. A Agustan 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Kafin shekarar ta fita, sunan ƙungiyar masu ɗauke da makamai ta Lakurawa ya cika bakin mutane a Tangaza da Gudu. Yaron da aka haifa a shekarar Tabanni ya isa kai abinci gona da kiwon awaki, kuma bai san daminar da ake kwana ba a kasa kunne ga ƙarar babur ba.

Bari mu yi lissafin tukunya. Gidan mutum goma, manya da yara, yakan ci kamar tiya biyu ta hatsi a rana, tsakanin tuwo da fura da kunu. Buhu tiya 40 ne, wato kwana 20. A shekara ana neman buhu 18, ban da iri, ban da zakka, ban da abin da za a sayar a sayi gishiri da mai da magani da tufafin sallah. Hekta guda ta gero a jigawa ba kasafai take wuce buhu goma ba, sau da yawa shida ko bakwai ne. Ke nan gidan yana bukatar hekta uku da aka nome da kyau kafin a ce ya ci da kansa. Yawancin gidaje gonar da ke bakin gari ƙarama ce, manyan gonakin gandu suna can nesa, tafiyar awa guda ko biyu, kuma su ne aka fara bari. In gida ya koma kan hekta guda ta bakin gari, abincinsa na wata huɗu ne ko biyar. An girbe a Satumba, rumbu ya ƙare a Fabrairu. Daga nan har sabon hatsi sai awo, a daidai lokacin da farashi ke hawa kuma babu abin sayarwa.

Babu abin sayarwa saboda shanun sun tafi. Mutanen birni sukan ɗauki satar shanu a matsayin asarar dukiya kawai, alhali bijimi biyu a gidan manomi ayyuka huɗu suke yi. Su ke jan garma, abin da za su huɗe a yini sai majiya ƙarfi da yawa su kwana biyu suna yi da hannu. Su ke jan amalanke a kai taki gona da rani, a kwaso dammuna da kaka. Su ke ba da takin kansa. Su ne kuma asusun da ake taɓawa ranar ciwo ko aure. Wanda ba a sace nasa ba ma ya sayar, don saniya a bayan gida kiran ɓarawo ce. Akwai kuma wata asarar da ba a cika faɗa ba. A da, da rani, Bafulatani yakan sauka da garkensa a gonar Bahaushe ko Bagobiri, shanu su kwana suna zuba taki, mai gona ya ba shi hatsi, matan ruga su kawo nono. Wannan cinikin ya mutu a wurare da yawa, saboda kowa na tsoron kowa. Iyalan Fulanin da ba su ji ba su gani ba sun rasa shanu a hannun ɓarayin, sun rasa rayuka a hannun 'yan sa-kai, wasu sun bar kasuwannin da kakanninsu suka ci. Ƙasar jigawa yashi ce, in ba a ba ta taki ba shekara uku sai ta gaji, kuma gajiyayyar ƙasa ita ƙuduji ke so. Mutum zai ga furensa mai kyau ya rufe gona, zangarniya kuwa kamar yatsa.

To me magidanci zai yi da 'yar gonar da ta rage? Na farko, ya daina zuba dawa mai dogon zango a inda ba shi da tabbacin Nuwamba. Dawar gargajiya tana kai wata biyar a gona, tsawonta ya fi mutum a kan babur, ga ta tana tsaye ita kaɗai bayan an kwashe gero. Tana ɓoye mai zuwa, tana kuma ba shi lokacin sanya haraji. Gero mai saurin nuna irin su SOSAT, da wake ɗan kwana 60 zuwa 70, sun fi dacewa da halin da ake ciki. Kewayen gari da gefen hanya a bar su ga gajerun amfani, wake da gyaɗa da kuɓewa da dankali, yadda mai tsaye a bakin gari zai hango nesa. Wake yana da wata riba: ganyensa miya ne tun yana ɗanye, harawarsa abincin jar akuya ce, yana kuma gyara ƙasa. Mai iya binne, wato shuka a busasshiyar ƙasa kafin ruwa, yana rage kwanakin da zai yi a fili lokacin da kowa ya san manoma sun fito, sai dai in yayyafi ya sauka ya tsaya irin zai tsiro ya ƙone, don haka kada a binne duk irin da ake da shi.

Taki kuma a daina watsa shi. Hanyar da masu binciken noma suka gwada a Nijar da maƙwabtanta ita ce a sa kamar giram 6 na NPK, cikin murfin kwalbar lemo, a kowane rami lokacin shuka, ko giram 2 na DAP. In tazarar ramuka mita ɗaya ce, hekta tana da rami 10,000, ke nan kilo 60 na NPK ya ishe ta. Inda ake kuskure shi ne a bar takin ya taɓa irin a ƙasar da ba ta jiƙu sosai ba, sai ya ƙone tsiron. A sa shi a gefe, a rufe da ɗan yashi. Tokar murhu da kashin awaki da sharar gida duk su tafi rami, ba bola ba. A yi cira a bar tsiro biyu ko uku. Aikin kuma a yi shi gayya-gayya, gona ɗaya yau, ta maƙwabci gobe, da mutum ɗaya a kan tudu ko bishiya wanda aikinsa kallo kawai, a fita da sassafe a tashi kafin la'asar. Gayya ba ta hana hari, amma tana gama noman hekta a yini ɗaya maimakon mako guda, kuma kowane yini a gona caca ce.

Girbi shi ne lokaci mafi haɗari, ajiya kuma ita ta fi wuya. Rumbu an yi shi ne don zaman lafiya: hatsi a zangarniyarsa yakan shekara biyu ko uku a ciki bai lalace ba, amma ashana ɗaya ta ishe shi, kuma daga nesa ana ƙirga rumbunan gida a san arzikinsa. Dabarar da ta fi ita ce a kasa abincin uku. Kaso ɗaya a gida don ci, kaso ɗaya a sussuke a kai wurin amintaccen ɗan'uwa a babban gari, a rubuta yawan buhunan a gaban shaidu ko da ɗan'uwan ciki ɗaya ne, kaso na uku a ɓoye inda mutum biyu kaɗai suka sani. Sussukakken hatsi da wake ƙwari na cin su, don haka buhun PICS mai leda biyu a ciki ya fi: a shanya wake ya bushe har ya ƙaras a haƙori, a zuba, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban, a ɗora kan katako nesa da bango. In ɓera ya huda ledar, aikin ya ɓaci. Tsabtatacciyar jarka mai lita 25 da murfinta ke rufuwa gam tana yin aiki ɗaya, in an cika ta har wuya, ana kuma iya binne ta. Abin da ba a yi shi ne zuba fiya-fiya a wake ko ajiye buhun da aka sa wa ƙwayar gas a ɗakin da yara ke kwana. Da mutane suka koma cunkushe a ɗaki ɗaya da kayansu, wannan ya zama ajali na biyu.

Iri kuwa ya fi komai. Tiya biyu ta zaɓaɓɓen gero ta ishi hekta, ana iya ɗaukarta a ka a gudu. Gidan da ya tsira da irinsa zai yi shuka baɗi, wanda ya cinye shi zai shiga bashin da ake biya da buhu biyu a kan ɗaya. In an shafa wa irin maganin shuka, a yi masa alama a gaya wa matan gida, domin guba ne, kuma yunwa ba ta karanta alama in ba a faɗa ba.

Yanzu ga ma'auni na biyu. Babba yana jure kwana da yunwa, yaron da aka yaye ba ya jurewa. Watannin Yuli zuwa Satumba su ne mahaɗar masifa uku: rumbu ya ƙare, sauro ya yi yawa, ruwan sha ya gurɓace. Yaro ya yi gudawa, ya yi zazzaɓi, ya ƙi cin abinci, cikin mako uku ya zama tamowa. Kowace uwa ya kamata a ba ta ɗan tef ɗin awon damtse ta iya amfani da shi, abin ba ya bukatar karatu. Ana auna tsakiyar damtsen hagu na yaro daga wata shida zuwa shekara biyar: in ya faɗa ja, ƙasa da santimita 11.5, asibiti ne yau. Ruwan ɗorawa, zuwa 12.5, gargaɗi ne. In an danna bayan ƙafafunsa biyu da yatsa, aka ƙirga uku, ramin ya zauna, wannan kumburin tamowa ne ko da yaron ya yi kama da mai ƙiba. Ƙunshin gyaɗar da ake bayarwa a asibiti magani ne na yaro ɗaya. Raba shi ga yara huɗu ko sayar da shi a kasuwa shi ke sa a yi wata biyu ana zuwa karɓa yaro bai tashi ba, ko da yake ban iya zagin uwar da ta raba, yunwar sauran ma a gabanta take.

Kafin a kai ga haka akwai abin yi a gida. Garin kunu na awo shida na gero, uku na waken suya, ɗaya na gyaɗa, a soya kowanne daban a niƙa tare, yana riƙe yaro fiye da kokon zalla, a ƙara garin zogale in akwai. Gudawa kuma ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, kuma kada a daina ba da nono. Maganin rigakafin zazzaɓin damina da ake bi gida-gida ana ba yara daga wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar, na kwana uku ne kowane wata. Ma'aikaci yana ba da na ranar farko, na kwana biyun da suka rage a hannun uwa suke, kuma nan ake yawan sakaci. Allurar ƙyanda a wata tara, ta biyu a wata 15. Ƙyanda a makarantar firamaren da aka tara 'yan gudun hijira ta fi bindiga saurin ɗaukar yara. Mai ciki kuwa, in ta shiga wata takwas, a kai ta wurin dangi a garin da ke da asibiti. Zubar jini bayan haihuwa yana kashewa cikin awa biyu, kuma babu ɗan acaɓar da zai hau hanyar Isa da tsakar dare.

Gida kuma ya yi shirin gudu tun ba a zo ba, a faɗa a fili ba tare da jin cewa ana kiran masifa ba. Wa zai goyi wane yaro, wa zai riƙe tsohuwa, ina za a haɗu in an watse, wane gari ne na biyu in na farko bai yiwu ba. Yaro ɗan shekara huɗu ya haddace sunansa da na mahaifinsa da na garinsu. Katin rigakafi da takardar shaidar ɗan ƙasa da takardar gona su zauna cikin leda ɗaya a wuri ɗaya. Kuma a kiyaye baki a gaban yara: an sayar da albasa buhu nawa, wane ya aiko da kuɗi daga Legas, ba zancen tsakar gida ba ne yanzu. Infoma ya yi wa karkara ɓarnar da ta kai ta mai bindiga, don ya sa maƙwabci na zargin maƙwabci, har yaro ya tashi yana ganin kowane baƙo abokin gaba ne.

Sai maganar da ake jin nauyin yi, wato harajin da ƙauyuka ke biya kafin shuka da kafin girbi, wani wuri har da kwashe majiya ƙarfi su nome gonar ɗan bindiga kafin tasu. Akwai masu zama a Sakkwato ko Abuja suna cewa duk wanda ya biya ya haɗa baki. A Afrilun 2022 ma Majalisar Dattawa ta amince da ƙudirin da ya tanadi ɗaurin shekara 15 ga mai biyan kuɗin fansa. Ban yarda da wannan hukuncin ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma mutumin da soja mafi kusa da shi yana tafiyar awa biyu, larura ce ta sa shi, ba son rai ba. A bambanta shi da mai kai musu fetur da ƙwaya da labari don riba. Amma kada a yaudari kai cewa harajin mafita ne. Kuɗin harsashi yake saye. Yarjejeniya da daba ɗaya ba ta ɗaure ta biyu, ko yaran ƙasurgumin ɗan bindiga Bello Turji sun karɓa wasu na iya zuwa gobe. Abin da aka biya bana shi ne mafarin cinikin baɗi. Mai unguwar da ya bi gida-gida ya tara kuɗin yana tsakanin wuta biyu, in ya gaza su kashe shi, in ya cika jami'ai su kama shi. Gidan da ba shi da abin biya yakan jinginar da gona, kuma gonar da aka jinginar cikin firgici, babu rubutu babu shaidu, ita ce shari'ar da 'ya'ya za su gada. Duk aro ko haya ko jingina a rubuta a gaban hakimi, da iyakoki da adadin kuɗi da shekarun da aka yanka.

Mata su ke ɗauke da ragowar. Wadda aka kashe mijinta ta san matsayinta: takaba wata huɗu da kwana goma, tumunin gado in akwai 'ya'ya, sai dai a tsaya a ga cewa gonar marayu ba ta narke a hannun baffanni ba. Wadda aka tafi da mijinta babu labari, ita ce a rataye. A mazhabar Malikiyya matar wanda ya ɓace ana yanka mata shekara huɗu, kuma lissafin yana farawa ne daga ranar da ta kai magana gaban alƙali, ba daga ranar da aka ɗauke shi ba, ga kuma hukuncin rashin ciyarwa da alƙali zai iya dubawa. Mata da yawa ba su san wannan ba. Wadda aka sako daga daji kuma, ita da abin da ta dawo da shi, tana bukatar asibiti cikin kwana uku da gidan da ba za a yi mata gori ba. Tsoron irin wannan ne ke sa uba ya aurar da 'yar shekara 13, ya tura ɗan shekara bakwai almajiranci don a rage baki. Tsangayar ma ba ta tsira ba, a Maris ɗin 2024 an kwashe almajirai 15 a Gidan Bakuso ta ƙaramar hukumar Gada.

A kan wannan duka sai siyasa ta riƙa ɗora nata kayan. A Satumban 2021 gwamnatin jiha ta rufe hanyar Marnona zuwa Isa, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, ta hana sayar da fetur a jarka, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14. Niyyar a shaƙe ɗan bindiga ce. Amma a tsakiyar yunwar damina aka hana magidanci sayar da akuyarsa, aka hana shi kiran ɗan'uwa ya ce ga su nan tafe, kuma injin ban-ruwa ba ya tafiya gidan mai da ƙafarsa, da jarka ake kai masa. Noman rani a fadamun Rima, albasa da tafarnuwa da shinkafa da alkama a Goronyo da Wurno da Kware, shi ne ke cike giɓin da damina ta bari. Sai canjin kuɗi na farkon 2023 ya sa manomi ya sayar da kaya a wulaƙance don ya ga takardar naira. A ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. A Yulin 2023 sojoji suka kifar da gwamnati a Nijar, aka rufe iyakar Illela da Ƙonni har Maris ɗin 2024, alhali dubban mutanenmu na gudun hijira a jihar Maraɗi, a wurare irin su Gidan Rumji, kuma kasuwar ɓangarorin biyu ɗaya ce tun kafin Turawa. Ba ɗaya daga cikin matakan nan da aka tsaya aka tambaya a wane wata na shekarar noma zai faɗo.

Abin takaicin shi ne ƙasar nan ta taɓa sanin amsar. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗoɗi a bakin iyaka, garuruwa masu ganuwa inda mayaƙa ke zaune da iyalansu suna noma, shi kansa ya tare a Wurno har ya rasu a can a 1837. Tsaro yana kwana inda manomi yake kwana. Yau muna da Runduna ta 8 a Sakkwato, da rundunar haɗin gwiwa ta Fansan Yamma da ta gaji Hadarin Daji, da askarawan jiha, da sashen sibil difens mai kula da gonaki, amma yawancinsu a hedikwatar ƙaramar hukuma da bakin kwalta suke, su zo bayan an gama su koma kafin magariba. Jirgi kuma daga sama ba ya bambance manomi da ɓarawo, mutum goma da suka rasu a ƙauyuka biyu na Silame ranar 25 ga Disamban 2024 sun isa shaida.

Abin da nake nema ba ya fi ƙarfin jiha. A zauna da iyayen ƙasa da hakimai a watan Afrilu, gunduma-gunduma, a fitar da taswirar inda gonaki suka taru da hanyoyin da ake bi. A girke jami'ai su kwana a wuraren a zango uku: makonni shida daga saukar ruwan shuka zuwa maimai, makonni huɗu na girbin gero da wake, da lokacin kwasar dawa da shinkafa. Ranar kasuwa a raka motoci, tafiya da dawowa. Askarawa a biya su a kan lokaci, a hukunta wanda ya taɓa marar laifi ko wane yare yake ji, in ba haka ba sabon ɗan bindiga ake haifarwa a kowace ruga da aka ƙone. Kowace ƙaramar hukuma ta gina ma'ajiyar hatsi mai gadi inda manomi zai ajiye buhunsa a ba shi takarda, tunda tun Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Hukumar Zakka da Waƙafi ta sayi hatsi da kaka lokacin da yake araha, ta raba a Yuli da Agusta, ba a azumi kaɗai ba. A kuma daina jin kunyar kiran 'yan gudun hijira da sunansu. Waɗanda ke Ramin Kura da kangayen cikin birni ba baƙi ba ne, manoma ne da aka raba da gona, kuma rashin rajistarsu ya sa tallafin duniya ya fi karkata ga Borno da Yobe da Adamawa.

Ranar da za a ce su koma gida, a duba wata. A mayar da su a Afrilu ko farkon Mayu, su sami lokacin sassabe da gyaran rufin ɗaki da yashe rijiya, a haɗa su da iri da fartanya da abincin wata huɗu da zai kai su sabon hatsi, jami'ai kuma su riga su isa. Takin gwamnati ya iso kafin ruwa. Iyalin da aka sauke a kufai a watan Agusta da buhun shinkafa ɗaya da tabarma, aka ɗauki hoto aka juya, kafin sallar da ke tafe za a same su sun dawo bakin titin Sakkwato, yaran riƙe da roba.